Hoton da Ke Falon Anti Kamala

Ɗakin da na kama tun ina Gusau, da na iso unguwar Setapak a Kuala Lumpur sai na tarar da shi da masu shi. Wasu samari ne 'yan Kudu. Ɗayansu ya leƙo da buroshi a baki, ya ce su tun bara suke nan, kuma ba su taɓa jin wani mai suna Alhaji Bala ba. Na kira lambar Alhaji Balan, mutumin da ya yi ta turo min hotunan gado da labule yana ce min ƙanwata, na ji waya a kashe. Har na gama karatuna na bar ƙasar ban sa shi a ido ba.

Ni malama ce a kwalejin horar da malamai, ilimin halittu nake koyarwa, kuma gwamnati ce ta ɗauki nauyin ƙaro karatuna. Maigidana yana can wajen aikinsa, yarana biyu, Fatima da Sadik, suna hannun mahaifiyata. Ranar nan ina tsaye a gindin wani dogon bene da akwatunana, gumi na bin bayana, ruwan sama ya tsuge, na tambayi kaina abin da na zo nema a Kuala Lumpur.

Wani ɗalibi ɗan Kano, Malam Nasiru, wanda ke digiri na uku a fannin shari'a, shi ya tsince ni a bakin ƙaramin masallacin unguwar, ya kai ni wajen matarsa, Maman Ilham. Gidan ya yi musu kaɗan su da yaransu, duk da haka aka shimfiɗa min katifa a falo. Ba su taɓa nuna min gajiya ba. Maman Ilham har tuwo take tuƙa min, da kukar da ta ɓoye don ranar marmari. Ni dai na san na takura su. Kafin kowa ya farka nake naɗe katifa in cusa bayan kujera. Yaran kuma idan na yi musu Hausa sai su amsa da Turanci ko Malay, abin ya riƙa tuna min da nawa.

Wata rana na shiga unguwar Masjid India neman hijabi mara nauyi, don waɗanda na taho da su dafa ni suke yi. A wani shagon yadi na ji wata yarinya tana ciniki da Malay, tana ta “boleh lah, boleh lah”, mai shagon yana dariya yana rage mata. Sai wayarta ta yi ƙara, ta ɗauka ta ce, “Wallahi Momi na ci abinci.” Na juya da sauri har na ture sandar awon yadi.

Rukayya kenan, 'yar Zariya, tana karatun kwamfuta a wata kwaleji mai zaman kanta, mahaifinta ke biya. Na girme ta sosai. Kafin mu fita daga shagon ta san sunayen 'ya'yana, ta ji labarin Alhaji Bala, ta kuma ce akwai ɗaki a gidan da take haya, mata zalla ne a ciki, mai gidan wata dattijuwa ce Ba'indiya, Anti Kamala. Ta ce abu ɗaya ne, matar Hindu ce, tana da wajen ibadarta a falo. Na ce ai wannan ba komai ba ne, kowa da addininsa. Da gaske nake a lokacin, don ban gani ba tukuna.

Ƙamshin turaren tsinke da kafur ne ya fara tarar mu tun daga matakala. Anti Kamala ta buɗe ƙofa, gajeruwa, gashinta fari fat, da ɗigon ja a goshi. Tana min maraba, idona ya wuce ta ya sauka a kusurwar falon.

Hoto ne babba a cikin gilashi. Mace ce baƙa wuluk, idanu jajur, harshe a waje har haɓa. A wuyanta sarƙa ce ta kawunan mutane. Hannayenta da yawa, ɗaya riƙe da adda, wani ya damƙi gashin yankakken kai, ƙafarta kuma a kan ƙirjin wani namiji da ke kwance. An rataya wa hoton lemon tsami da aka tsire a zare, a ƙasansa ga jajayen furanni, ga fitilar tagulla mai lagwani, ga 'yar ƙararrawa. Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya mun san wannan fuskar. Duk lokacin da aka nuno ta, kiɗa yakan canja, kuma ka san wani zai mutu. A fim ne dai, kana iya rufe ido. A nan kuwa hanyar kicin ta gabanta take, hanyar banɗaki ma haka.

Anti Kamala ta ga inda nake kallo, ta ce sunan ta cikin hoton Kali, uwa ce. Na gyaɗa kai, bakina yana ta motsi da Falaƙi da Nasi. Da ina da wajen zuwa da a ranar na juya. Na tuna katifar bayan kujera, na ce na kama ɗakin.

Da na duba alƙibla a wayata sai abin ya ƙaru. A can alƙibla yamma take kallo, kuma bangon da zan fuskanta shi ne wanda hoton ke rataye a bayansa. Lokacin kunna fitilarta kuma daidai da magariba ne. Ina tayar da kabbara sai in ji ƙararrawa ta ɗaya gefen bangon, in ji muryar tsohuwa tana rera wani abu a hankali. Nakan ɓata a karatu, in manta raka'a ta nawa nake. Na koma ratsa falo ina bin bango, fuskata a kicin, da Ayatul Kursiyyu a baki. Abinci kuwa tapau nake yowa daga waje, wato ƙunshi, in rufe ƙofa in ci ni kaɗai.

Ita Rukayya kamar a gidan aka haife ta. A ƙasan hoton nan take baje littattafanta ta yi aikin makaranta, ƙafa a miƙe, tana taunar cingam. Ba ta ce wa matar Anti, Amma take ce mata, wato uwa da yarensu. Da safe Anti Kamala takan soya wani abu kamar sinasir da suke kira tosai, ta ƙwala kiran “Rukku, makan”, wato zo ki ci, ita kuma ta fito da gudu. Ranar hutu takan zaunar da ita a tsakanin ƙafafunta ta shafe mata kai da man kwakwa. Akwai ranar da Rukayya ta rera mata waƙar wani tsohon fim ɗin Indiya, tsohuwar ta yi dariya har da hawaye, ta ce su Tamil ne, wannan yaren na mutanen arewacin Indiya ne, ko kalma ɗaya ba ta ji ba. Ina ɗaki ina jin su, cokali a hannuna.

Ni ma an kira ni makan, sau da yawa a farko. Nakan ce na ƙoshi. Daga baya aka daina kira, kuma hakan ya fi ƙona min rai.

Komai na yarinyar nan a sauƙaƙe yake zuwa. Direban bas ya san ta, masu shagunan ƙasan bene suna ba ta gyara, mahaifiyarta tana kiranta safe da yamma. Ni kuwa a ɗakin gwaje-gwaje ƙwayoyin da nake reno sai su gurɓace, in sake daga farko, malamar da ke duba aikina ta kalle ni ta saman tabarau. In dawo gida in tarar da su suna tsinke ganye suna hira. Nakan tsaya in kalli Rukayya in ce, me take da shi ne da ba ni da shi? Salla dai ba ta wuce ta, na sa mata ido sosai a kan wannan, ban taɓa kama ta ba. Abin da aka ajiye a gaban hoton, ayaba ko alewa, ba ta ci, ita Anti Kamala da kanta take ware shi ta ce wannan ba na Rukku ba ne.

Wata rana na kira ta ɗakina na yi mata nasiha a kan zama a gaban gunki. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Anti Hadiza, takarda ce fa da gilashi. Ba ya amfana min komai, ba ya cutar da ni. In bangon ne ke damunki mu yi musanyar ɗaki, ni ba ruwana.”

Yadda ta faɗi maganar ba tare da ko tunani ba, shi ya hana ni karɓa. Na ce ta bar shi, na gode.

Na kai maganar wajen Malam Nasiru, kuma a raina ina so ya ce yarinyar tana kan kuskure. Ya ce muddin ba ta rusuna wa hoton ba, ba ta ci abin da aka miƙa masa ba, ba ta taya su ibadarsu ba, zaman lafiya da maƙwabci abu ne da addini ya yi umarni da shi. Game da bangon kuma ya ce Ka'aba nake fuskanta, ba abin da ke rataye a falon wani ba, sallata tana nan daram, amma in na samu wani ɗakin da hankalina zai fi kwanciya in koma. Na fito daga gidansu da ledar dambun nama da Maman Ilham ta ba ni, raina a dagule.

Akwai mutum ta huɗu a gidan, Shanti, 'yar Anti Kamala. Sa'ata ce, tana aiki a wani otal a Bukit Bintang, ita ke kula da masu gyaran ɗakuna. Ba ta da yawan magana. Na jima kafin in lura da yadda take ratsa falo: tana bin bango, fuskarta a kicin, tamkar ni. Idan uwarta ta ɗauki ƙararrawa, ita sai ta fita baranda kwashe shanya.

Wata yamma muka sauko daga jirgin ƙasa tare, ruwa ya tare mu, muka fake a shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi. Ta sa aka kawo mana shayi. Ba tare da wani share fage ba ta ce ta ga ina tsoron hoton, kada in ji kunya, ita ma tsoronsa take. Na zaci ba'a take min. Sai ta ba ni labari. A gandun roba aka haife ta. Tana ƙarama aka kai ta bikin Kali a wani ɗan wajen bauta da ke cikin itatuwa, aka sare kan bunsuru a gabanta, jini ya fantsamo mata a ƙafa, wata mata maƙwabciyarsu ta fara jijjiga, ta zaro harshe tana kururuwa da muryar da ba tata ba. Ba a daɗe ba mahaifinta ya faɗi ya mutu a wajen aiki. Kakarta ta ce ya yi wa Kali alkawari ne bai cika ba, shi ya sa ta ɗauke shi. Tun daga ranar Shanti ba ta sake haɗa hannu a gaban hoton ba. Tana zuwa wajen bautar sauran allolinsu, masu fuskar murmushi, amma ban da wannan. Ta ce uwarta ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka, daga baya ta zuba mata ido.

Na tambaye ta ko Rukayya ta san wannan labarin. Ta ce a'a. Daɗin da na ji a lokacin har ya ba ni mamaki. A karon farko ina da wani abu a gidan nan wanda yarinyar ba ta da shi. Daga nan muka riƙa haɗuwa a shagon mamak, ni in yi mata zancen Sadik da ya fara cire haƙori ba na nan, ita ta yi min zancen baƙin otal da halinsu. Idan Rukayya ta tambayi inda muka tsaya, sai in ce hanya ce ta cushe.

Ana cikin haka hawan jini ya ka da Anti Kamala a banɗaki wata safiyar Laraba. Rukayya ce ta ji faɗuwar, ita ta kira motar asibiti, ita ta shiga ciki tare da ita. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace. Likitoci suka ce sai an ga yadda kwanakin farko za su kasance.

Ranar Juma'a da la'asar muna tsaye mu uku a bakin gadonta. Ta fara iya haɗa kalmomi, da ƙyar. Ta miƙa hannun hagu ta kamo Rukayya, ta yi ta maimaita wata magana har muka gane. Fitila take nufi. Tun ranar da aka kai ta ɗakin miji Juma'a ba ta taɓa wucewa ba a kunna wa Kali fitila ba, yau kuma ga ta a kwance. Tana roƙon Rukku ta je gida ta kunna mata.

Rukayya ta matso kusa da ita. Ta durƙusa a gefen gadon, hawaye na zuba, ta ce, “Amma, zan wanke ki, zan ba ki abinci a baki, zan kwana a nan. Wannan ɗaya ne ba zan iya ba. Addinina ya hana ni.”

Tsohuwar ta daɗe tana kallonta. Ta shafa mata kai, sannan ta juya fuska wajen taga. 'Yarta tana tsaye a ƙarshen gadon, ko kallonta ba ta yi ba.

Muka bar Rukayya a asibiti, ni da Shanti muka kama hanyar gida. Muna gab da sauka daga jirgi Shanti ta juyo wajena. Ta ce, “Kin gani ko? Ta roƙi baƙuwa. Ni da ta haifa ba ta ma sa ran zan yi ba.” Na kalle ta na gane ashe ba ni kaɗai yarinyar nan ta tsaya wa a maƙogwaro ba.

Muna shiga gida ta wuce banɗaki. Ta fito da jiƙaƙƙen gashi, ta ɗaura wani jan sari na uwarta. Ta zo bakin ƙofata ta ce tana so in tsaya mata. Na ce ni ma ba zan taɓa komai ba, ko ashana ba zan miƙa mata ba. Ta ce ta sani, ba ta nemi haka ba, in tsaya kawai inda za ta riƙa ganina in ta waiwaya.

Na tsaya a jikin firji. Daga nan babu inda zan kai idona sai hoton. Na kalla, kallon da ban taɓa yi masa ba tun zuwana. Harshen yana nan, kawunan suna nan. Sai kuma na ga gilashin ya tsage a kusurwa an liƙe shi da salatif. Na ga rana ta cinye launin gefe ɗaya. Furannin ranar Talata sun bushe sun zube. Wata tsaka ta leƙo daga bayan katakon ta koma. Na ci gaba da kallo ina jiran abin da na yi watanni ina gudu, ban ga ya zo ba.

A wajen Shanti kuwa ba takarda ba ce. Ta tsiyaya man fitila, har wani ya zube a tire. Ta murza lagwani, ta ƙyasta ashana ta karye, ta sake ta mutu. Ta waiwayo ta kalle ni, na ce mata ina nan. Da fitilar ta kama, ta ɗaga kai ta dubi fuskar nan ido cikin ido. Ta fara magana da Tamil, a hankali da farko, sannan muryarta ta ɗaga. Ba rerawa take irin ta uwarta ba, faɗa take, tana nuni da yatsa, tana dukan ƙirjinta. Daga baya muryar ta karye, ta durƙusa ta kifa goshi a ƙasa, kafaɗunta suna girgiza. Ta daɗe a haka. Da ta miƙe ta kaɗa ƙararrawa sau ɗaya, a hankali.

Ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ta gaya min abin da ta ce. Ta tambayi Kali dalilin ɗauke mata uba. Ta gaya mata duk shekarun da ta yi tana jin tsoronta. Sannan ta ce in dai uwa ce kamar yadda ake faɗa, to ta bar mata tata uwar. Ta ce mahaifiyarta kullum tana gaya mata addar nan ba don ɗa aka zare ta ba, don abin da ya biyo ɗan ne, kamar mace ta fito da taɓarya ta ga kare ya nufo yaronta, fuskarta ba za ta yi kyawun gani ba a lokacin. Ta ce ba ta taɓa yarda ba, yau ma ba ta san ko ta yarda ba, amma dai ƙirjinta ya yi sakayau.

Na kalli fuskarta, kamar an wanke ta. Abin da ya taso min a rai ba murna ba ce, ƙyashi ne. Ni da nake da yaƙinin Ubangijina, nake tsayawa a gabansa sau biyar a rana, na yi watanni rabin hankalina yana bayan bango. Ita kuwa cikin ɗan lokaci ta zazzage duk abin da ke cikinta. Wayata ta yi kiran salla. Na yi alwala na shiga ɗaki na fuskanci bangon nan. A sujada ta farko na ji kuka ya ƙwace min. Na faɗi kewar 'ya'yana, na faɗi aikin da ya ƙi ci gaba, na faɗi kaɗaicin da nake ciki a gida mai mutum huɗu. Na roƙa wa tsohuwar sauƙi. Sai da na sallame na tuna da abin da ke ɗaya gefen.

Bayan wannan rana Shanti ta koma ratsa falo ta tsakiya. Talata da Juma'a takan sayo furanni a hanya, ta share ƙura, ta kunna fitila. Har wajen bautar Kali da ke wata unguwa ta je ita kaɗai, ta dawo da jan gari a goshi tana ba ni labari. Zamanmu na shagon mamak ya ja baya, daga aiki sai asibiti. A can ita da Rukayya suke karɓa-karɓar jinya, suka saba, har na ji suna dariya a kicin a kan wata nas mai tsawa. Abokiyar tsorona ta warke ta tafi, kuma ta tafi wajen wadda nake kishi. Ni ma tsoron ya sake ni, amma ban san inda zan sa kaina ba. Na fara dai fitowa falo da littafina, in zauna a ƙarshen kujera.

Wata Asabar aka sallamo Anti Kamala a keken guragu. Ta rame, bakin ya ɗan dawo daidai. Ana shigo da ita ta ce a kai ta kusurwar. Ta ga sababbin furanni, ta ga baƙin hayaƙi a bakin fitila, ta juya ta kalli Rukayya da mamaki. Rukayya ta girgiza kai ta nuna Shanti. Tsohuwar ta juya wajen Shanti. Ta kamo fuskar 'yarta da hannun da ke aiki, ta jawo ta jikinta. Suka yi ta magana da yarensu ƙasa-ƙasa, ni kuma na fara zamewa zan koma ɗaki.

Sai na ji sunana. Shanti ce take nuna ni tana yi wa uwarta bayani. Anti Kamala ta yafito ni. Na zo na zauna a kujerar da ke kusa da kekenta. Ta ƙare min kallo, sannan ta tambaye ni da karyayyen harshenta ko gaskiya ne ina da yara a gida. Na ce biyu. Ta ce tana son ganinsu, yanzu.

A gida hantsi ne, ba makaranta. Na kira wayar mahaifiyata ta bidiyo. Fatima ce ta ɗauka, Sadik yana turo kai ta ƙarƙashin hannunta da giɓin haƙoransa. Anti Kamala ta matso da fuska, ta ce yaron nan ya rame, wa ke ba shi abinci? Na fassara wa mahaifiyata, ta ce a gaya wa baiwar Allah ƙiriniya ce ta hana shi ƙiba, kuma tana mata sannu da jiki.

Fatima ta ƙura wa wayar ido ta ce, “Mama, mene ne wancan a bayanki mai harshe?”

Na waiwaya. Ashe na ba hoton baya ne tun da na zauna.

Na ce, “Abin bautar masu gidan ne. Ku gaishe da kaka, ba ta da lafiya.”

Suka gaishe ta cikin haɗin baki. Rukayya ta leƙo ta kafaɗata ta ce su waye waɗannan kyawawan, ta yi wa Sadik gwalo, ya ƙyalƙyale da dariya. Kafin in ankara wayar tana hannunta, ta tafi da ita baranda tana nuna musu dogayen benaye da jirgin ƙasa da ke wucewa a sama, su kuma suna ta “Anti Rukayya, Anti Rukayya”, kamar sun shekara da saninta.

Na yunƙura zan bi ta in karɓi wayata. Anti Kamala ta riƙe min hannu ta zaunar da ni.

Ta ce, “Bar ta. Haka take yi wa kowa. Ke zauna nan kusa da ni.”